DARASI: IN AN MANTA DA SHAN MAGANI A KAN LOKACINSA, ME ZA A YI?



Darasinmu na wannan fitowa a kan wata 'yar tambaya ce wadda kusan kowane gida a zango ya taɓa jin ta, daga Nima da Maamobi har Aboabo da Tamale. Baba zai kira ɗansa ya ce, "Na manta ban sha maganin safe ba, in haɗa da na dare?" Mu matasa mu ake tambaya, domin mu ne muka yi makaranta, mu ke karanta abin da aka rubuta a jikin ambulan magani, mu kuma ake aika kantin magani. Amsar da muka bayar ita za a bi, in daidai ce a samu lafiya, in kuskure ce a kwana a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2003 cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu ciwo mai daɗewa ba sa shan maganinsu yadda aka umurce su. Ashe mantuwa ba ta tsofaffinmu kaɗai ba ce, kuma sanin abin yi bayanta ilimi ne da ya kamata kowa ya riƙe.

A cikin wannan darasi, abin da ake sha a lokaci guda, ƙwaya ɗaya ce ko huɗu ko cokali, za mu kira shi "kashi".

NA FARKO: DON ME AKA YI WA MAGANI LOKACI?

Mu dubi mai sayar da wake da shinkafa a bakin titi. Wutar gawayinta tana buƙatar ƙari a kai a kai. In ta bari wutar ta mutu, abinci ba zai nuna ba. In kuma ta juye gawayin yini guda a lokaci ɗaya, tukunya za ta ƙone. Haka magani yake cikin jini. Da zarar an sha shi, hanta da ƙoda za su fara fitar da shi, saboda haka kashi na gaba yana zuwa ne ya cike abin da ya ragu. In ya yi ƙasa ƙwarai, cuta ta samu sarari. In ya yi yawa, ya koma guba.

Kowane magani da saurin fitarsa. Masana suna auna lokacin da rabin magani ke ɗauka kafin ya bar jini. Na amozisilin kamar awa 1 ne, na farasitamol awa 2 zuwa 3, na amlodifin, wanda ake ba masu hawan jini, awa 30 zuwa 50. Wannan shi ya sa ake shan na farko sau uku a yini, na ƙarshe kuwa sau ɗaya. Shi ya sa kuma jinkirin awa huɗu ba kome ba ne ga wani magani, amma babban abu ne ga wani.

A nan akwai wurin da ɗalibai ke zamewa. Mun saba da cewa wanda salla ta kuɓuce masa yana ramawa idan ya tuna, ko da zai yi biyu a jere. Sai wasu su yi ƙiyasin magani a kan haka, su haɗa na safe da na dare. Wannan ƙiyasi ba ya tafiya, domin jiki yana da iyakar abin da zai ɗauka a lokaci guda, ba ya kuma karɓar bashin jiya a haɗe da na yau.

NA BIYU: KARATUN AMBULAN

Kafin mu san an makara, sai mun san lokacin. Likitoci suna taƙaita umurninsu da haruffan da suka samo asali daga Latin. Idan an rubuta od, sau ɗaya ne a yini. Idan bd ne, sau biyu, wato kowace awa 12. Idan tds ne, sau uku, kowace awa 8. Idan qds ne ko qid, sau huɗu. Nocte kuwa da dare ne kafin barci. Mai ba da magani yakan rubuta 2 x 3, ma'ana ƙwaya biyu sau uku a yini.

Mu da ke Ghana an sauƙaƙa mana, domin lokutan sallarmu ba sa canzawa sosai duk shekara. Sau uku yana dacewa da asuba wajen ƙarfe 5, azahar wajen ƙarfe 1, sai ƙarfe 9 na dare. Sau biyu yana dacewa da ƙarfe 6 na safe da magariba. Abin da ba ya dacewa shi ne a sha da azahar, da magariba, da isha'i a ce an cika uku, domin tsakanin magariba da isha'i bai fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba, sa'an nan jini ya zauna babu magani tun dare har rana tsaka.

NA UKU: ƘA'IDA TA GABA ƊAYA

Kamar yadda ɗaliban nahawu suka sani, ana fara haddace ƙa'ida, sa'an nan a koyi abubuwan da aka togace. Ga ƙa'idar:

1. A fara duba takardar da ke cikin kwalin magani. Yawancinsu suna da sashe a kan mantuwa, kuma abin da takardar ko likita ya faɗa shi ke gaba da duk abin da za mu faɗa nan.

2. In jinkirin bai kai awa 2 ba, a sha nan take, a ci gaba yadda aka saba.

3. In ya wuce awa 2, kuma maganin na sau ɗaya ne ko sau biyu a yini, a sha, muddin kashi na gaba bai kusa ba. In ya kusa, a bar wanda aka manta.

4. In maganin na sau uku ne ko huɗu, kuma an makara sosai, galibi a bar wanda aka manta a jira na gaba.

5. Kada a ninka. Wannan ita ce uwar ƙa'idojin duka.

6. In mutum yana kokwanto ko ya sha ko bai sha ba, a ƙidaya ƙwayoyin da suka rage a cikin katin. In ba a gane ba, a jira lokaci na gaba. Ga maganin hawan jini da na suga, rasa kashi ɗaya ya fi sauƙi a kan ninka shi.

NA HUƊU: MAGUNGUNAN DA KE GIDAJENMU

Hawan jini. A ce Baba yana shan amlodifin ƙarfe 7 na safe. Ya tuna da azahar, sai ya sha, domin awa 6 ce ta wuce. In bai tuna ba sai ƙarfe 9 na dare, awa 14 ke nan, ya wuce awa 12, sai ya bari, gobe da safe ya sha ƙwaya ɗaya kamar kullum. In ya ninka, jini na iya sauka ƙwarai, jiri ya kwashe shi ya faɗi, kuma faɗuwar tsoho na iya zama karayar ƙugu. Maganin da ke sa yawan fitsari, irin su bendrofulwazayid da furosemayid, in ba a tuna da shi ba sai bayan la'asar, a bar shi, don kada a kwana ana zuwa bayi. Babban haɗari ga mai hawan jini shi ne mantuwar kwana ɗaya ta zama dainawa, don yana jin jikinsa garau. Hawan jini ba ya yin sallama. Sau da yawa alamarsa ta farko ita ce shanyewar ɓarin jiki. Masu shan atenolol ko furofuranolol kuwa kada su daina farat ɗaya, domin zuciya na iya rikicewa.

Ciwon suga. Metfomin ana shan sa ne tare da abinci. In an manta, a bar shi, a sha na gaba da abinci na gaba. Gilbenkilamayid da gilikilazayid sun fi buƙatar hattara, domin suna sa jiki ya ƙara fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. Wanda aka manta ya wuce, kada a ninka, kada kuma a sha da cikin wofi. In Hajiya ta fara gumi, da rawar jiki, da yunwa mai tsanani, ko maganarta ta rikice, suga ne ya sauka. A jiƙa ƙaramin cokali 3 ko 4 na sukari a ruwa a ba ta, bayan ta dawo hayyacinta ta ci abinci. In ta suma kada a ɗura mata kome a baki, a garzaya asibiti. Mai allurar insulin kuwa ya nemi likitansa ya rubuta masa abin yi tun kafin mantuwar ta faru, domin insulin iri-iri ne, kowane da hukuncinsa.

Zazzaɓin cizon sauro. A 2004 Ghana ta yanke shawarar barin kulorokwin ta koma haɗin magungunan atemisinin, saboda ƙwayar cutar ta daina jin tsohon maganin. Wanda aka fi sani yanzu shi ne atemeta da lumefantirin, irin su Coartem. Kashi 6 ne cikin kwana 3: na farko, na biyu bayan awa 8, sa'an nan safe da yamma kwana biyu. Babban mutum yana shan ƙananan ƙwayoyi 4 a kowane kashi, jimilla 24, ko babbar ƙwaya ɗaya in irin mai ƙarfi ce. Kashi na biyu shi aka fi mantawa, domin wanda ya fara ƙarfe 4 na yamma na biyunsa sai tsakar dare. In an manta, a sha da zarar an tuna, a ci gaba har a cika shida, ba tare da haɗa biyu ba. Atemeta yana aiki da sauri ya fita cikin awoyi, lumefantirin kuma ya zauna kwanaki yana share sauran ƙwayoyin cutar, amma ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. Saboda haka a sha da madara, ko ƙosai, ko miyar gyaɗa. Wanda ya yi amai cikin awa 1 da sha, sai ya maimaita kashin, ya koma a cika masa abin da ya ragu. Yaron da ya fara jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da kome, asibiti ne wurinsa nan take.

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta. A ce ƙanwarmu tana shan kafson amozisilin ƙarfe 5, da 1, da 9. Ta manta na azahar, ta tuna da la'asar, sai ta sha, domin sauran fiye da awa 4 kafin na dare. In sai ƙarfe 7 na dare ta tuna, ta jira ƙarfe 9 ta sha ɗaya. Kada a ajiye ragowar kafso don wata rana, kada kuma a ba maƙwabci. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi tun a 1945 cewa shan abin da bai isa ba yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. In an rasa kashi da yawa, a koma wurin wanda ya rubuta maganin.

Tarin tibi. Maganinsa wata 6 ne: wata 2 na haɗin magani huɗu, wata 4 na haɗin biyu, kuma kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnatin Ghana. In an tuna a ranar, a sha. In rana ta wuce, a sha na yau kaɗai, a kuma gaya wa ma'aikatan asibiti, domin su ke lissafin kwanakin. Tari yakan lafa bayan 'yan makonni, a nan mutane ke sakaci, kuma wasa da wannan magani shi ke haifar da tibin da ba ya jin magani, wanda ake iya shafa wa 'yan ɗaki ɗaya. A gidajen haya irin namu, inda iyali da yawa ke tsakar gida guda, maganin mutum ɗaya kariya ce ga kowa. Haka masu shan maganin ƙanjamau: kullum a lokaci ɗaya, in an manta a sha da an tuna in na gaba bai kusa ba, kada kuma kunya ta hana faɗa wa ma'aikacin asibiti gaskiya.

Farfaɗiya. Mantuwar magani tana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita. Ga mai sha sau ɗaya, ya sha da ya tuna, sai fa in abin da ya rage kafin na gaba bai kai awa 12 ba. Ga mai sha sau biyu, a bi takardar maganin, domin kabamazafin da fenobabiton da sauransu ba su zama ɗaya ba. Ranar da aka rasa kashi, ya nisanci wuta, da ruwa mai zurfi, da tuƙin babur. Kada a daina wannan magani farat ɗaya ko da an shekara ba a faɗi ba. In faɗuwa ta wuce minti 5, a kira 112 ko a kai asibiti.

Farasitamol. Shi ba a rama shi; in ciwo ya tafi, babu bashi. Haɗarinsa yana wajen yawa. Babban mutum kada ya wuce ƙwaya 2 masu miligiram 500 a lokaci guda, da tazarar aƙalla awa 4, kuma kada ya wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. Magungunan mura da yawa suna ɗauke da farasitamol a ciki, sai a haɗa lissafi da su. Yawansa yana lalata hanta, kuma a ranar farko mutum na iya jin kansa lafiya lau.

NA BIYAR: ABIN DA AKA TOGACE

Akwai wuri ɗaya sananne da ake shan biyu a rana ɗaya, kuma ya shafi yayyenmu matan aure masu shan ƙwayar tazarar haihuwa ta haɗe. In ta manta ɗaya, ta sha da ta tuna, ta kuma sha ta ranar a lokacinta. In ta manta biyu ko fiye, ta sha ta ƙarshen da ta manta kaɗai, ta ci gaba, a ɗauki wata kariya har kwana 7, ta kuma tuntuɓi ma'aikaciyar jinya. Irin da ake yawan ba masu shayarwa ta fi tsauri, domin jinkirin da ya wuce awa 3 mantuwa ce, sai an ƙara kariya kwana 2.

A ɗaya gefen akwai waɗanda ba a yin ijtihadi a kansu ko kaɗan: wafarin da sauran masu tsinka jini, da firednisolon ga wanda ya daɗe yana sha, da maganin ciwon daji, da na taɓin hankali. In an rasa kashi, musamman fiye da ɗaya, a tambayi likita ko mai harhaɗa magunguna. Matambayi ba ya ɓata.

NA SHIDA: IN AN RIGA AN NINKA

Kada a tura yatsa a maƙogwaro, kada a ba da manja ko ruwan gishiri. A ɗauki kwalin maganin, a lura da lokacin da aka sha da yawan abin da aka sha, a nufi asibiti ko a kira mai harhaɗa magunguna. In yaro ne ya sha, ko maganin na suga ne, ko na zuciya, ko na tsinka jini, ko farasitamol mai yawa, kada a tsaya jiran alama.

NA BAKWAI: WATAN AZUMI

A Ramadan muna kame baki awa 13 zuwa 14, kuma a nan ne wasu ke tara kashin yini duka su watsa a baki lokacin sahur. Wannan ninkawa ce da wani suna. Maganin sau ɗaya ko sau biyu yakan yiwu a mayar da shi sahur da buɗa-baki, na sau uku ko huɗu ba ya shiga wannan tsari sai likita ya canza shi. Saboda haka a je asibiti tun cikin Sha'aban. Mai ciwon suga da ke azumi, in awonsa ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6 a ma'aunin da ake amfani da shi a asibitocinmu, ko ya ji alamun da muka ambata, ya karya nan take. Rangwamen da aka yi wa marar lafiya yana cikin suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, kuma malamanmu suna nan don bayanin ramuwa da ciyarwa.

NA TAKWAS: RIGAKAFIN MANTUWA

Rigakafi ya fi magani. A ɗaura shan magani a kan abin da ba a mantawa, kamar salla ko kokon safe. A sa ƙararrawa a wayar Baba, a nuna masa yadda ake kashe ta. A zana jadawali a takarda, a riƙa sa alama bayan kowane kashi, ga wanda bai yi boko ba a rubuta masa da ajami ko a zana rana da wata. A koma karɓo magani tun sauran na mako guda, a kuma duba katin inshorar lafiya kada ya mutu ba a sabunta ba, domin mantuwa da yawa asalinta ƙarewar magani ce da rashin kuɗi a hannu. Mai tafiya biki ko ta'aziyya, ko fatauci zuwa Bawku ko Lome, ya sa maganinsa a jakar hannu da ƙarin na 'yan kwanaki. A ajiye shi inda yara ba sa kaiwa, nesa da zafin murhu.

TAMBAYOYIN BITA

1. Alhaji yana shan amlodifin ƙarfe 6 na safe, bai tuna ba sai bayan isha'i. Me zai yi?
2. Don me ake shan maganin zazzaɓin cizon sauro da abinci mai maiƙo, kuma kashi nawa ne?
3. Mma ta manta gilbenkilamayid da safe, ta ce za ta sha biyu da dare. Me za mu ce mata, da wane lafazi na ladabi?
4. Wane magani ne ake shan biyu a rana ɗaya in an manta ɗaya?

Aikin gida kuwa shi ne kowannenmu ya zauna da mai shan magani a gidansu cikin wannan mako, su buɗe ledar tare, a rubuta sunan kowane magani, da lokacinsa, da abin yi in an manta, abin da ba a gane ba a kai wa mai harhaɗa magunguna ya cike. A manna takardar a bango inda kowa zai gani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ja kwanan iyayenmu cikin lafiya, ya amfanar da mu da abin da muka koya. Sai mun haɗu a darasi na gaba.

Wassalamu alaikum.